Shekara biyu da Henry All-Weather a bayan kujerar a-kori-kurata

Bindigata ta farko a nan Amurka wata huɗu kacal ta yi a bayan kujerar mota kafin ta yi ja, kamar an barbaɗa mata garin barkono. Ba zan faɗi sunan kamfanin da ya ƙera ta ba, domin laifin nawa ne. Na saya mata akwati mai soso a ciki, na kwantar da ita, na rufe, ina ganin na yi mata gata. Ran da na buɗe sai na tarar da zanen soson ya fito a jikin bututun da launin tsatsa, har da shatin yatsuna biyu a daidai inda na riƙe ta na ƙarshe.

Ina aiki ne a wata gonar shinkafa da shanu a gundumar Matagorda, kudancin jihar Texas, kusa da teku. Abin da ya sa bindiga ke yini tare da ni a mota shi ne aladun daji. Masana a jihar suna ƙiyasta yawansu da fiye da miliyan 2, kuma duk wanda ya taɓa wayar gari ya ga abin da garke guda ya yi wa kunyar shinkafa cikin dare ɗaya ba zai ce an yi ƙari ba. Suna tone gaɓar da ke tare ruwa, su yi birgima a cikin shuka, su bar fili kamar an bi da garma a karkace. Ɓarnar ta kai tun 2019 jihar ta cire sharaɗin lasisin farauta ga mai harbinsu a gonar da mai ita ya ba shi izini. Ni dai nawa harbi ne. Ɗauka da fiɗa na abokan aikina ne, kuma sun daɗe da daina tambayata dalili.

Da na kira kawuna a Gumel na ba shi labarin tsatsar, dariya ya yi. Ya ce, "Kai ɗan nan, adakar kakanka shekara nawa ta yi a rataye a zaure? Man gyaɗa kawai yake goga mata in kaka ta yi." Na ce, "Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya, can hunturu ne ke yi muku rabin aikin." A Gumel iska ce ke tsotse laima daga jikin ƙarfe wata bakwai a shekara. A nan kuwa iskar ce ke kawo ta, da gishirin teku a cikinta.

Sai da na yi asarar nan na fahimci cewa mota ta fi waje sharri. Da rana tsaka a watan Agusta cikin a-kori-kurar da aka rufe kamar tanda yake. Ka shiga ka kunna na'urar sanyaya mota, ƙarfe ya yi sanyi, ka tsaya ka buɗe ƙofa, iska mai ɗumi da laima ta faɗo ciki, nan take bindiga ta yi gumi kamar kwalbar lemo da aka ciro daga firij. A yini guda wannan na iya faruwa sau goma. Ga ƙurar takin zamani da nake ɗauka a bayan mota, wadda ke cin ƙarfe kamar gishiri. Ga gumin hannu. Shi kuma soson akwati yana shan duk laimar nan ya riƙe, ya manna ta a jikin bindiga dare da rana.

Wani dattijo mai gyaran bindigogi a garinmu ne ya warware mini sauran. Ya ɗaga tawa, ya duba, ya ce wannan baƙin launi mai sheƙi da ake yi wa yawancin bindigogi ai shi ma tsatsa ce, baƙa, wadda aka yi da gangan kuma siririya ƙwarai. Amfaninta ta riƙe mai. In man ya bushe, ba ta da abin da za ta kare. Na ce to sai in sayi ta farin ƙarfe, wanda ake kira sitenles, in huta. Ya girgiza kai. Ƙarfen cokali da tukunyar kicin yawanci yana da sinadarin kurom kashi 18 cikin ɗari da nikel kashi 8, shi ya sa yake kwana a ruwa bai damu ba. Wanda aka fi yin bututun bindiga da shi, mai lamba 416, kurom ɗinsa tsakanin kashi 12 ne zuwa 14, kuma an ƙara masa farar wuta don ya yi sauƙin yankawa a inji. Wannan farar wutar ce ke rage masa juriya. Gishiri na huda siririn rufin da kurom ke yi wa ƙarfen, ya bar ƙananan ramuka. Wato yana jinkirin tsatsa, amma yana yi.

Na yi kusan wata biyu ina zagaya shaguna. Na riƙe Ruger American Ranch, sabon samfurinta mai fentin Cerakote (wani fenti mai tauri da ke kare ƙarfe daga tsatsa) da gindin roba. Gajera ce, bututunta inci 16, ba nauyi, kuma ta fi araha nesa ba kusa ba. In da kuɗi kaɗai na duba, da ita na ɗauka, kuma har yau ita nake nuna wa sababbin ma'aikata. Na riƙe Marlin 1895 SBL, wadda Ruger ke ƙerawa tun bayan da ya sayi Marlin a 2020. Kyakkyawa ce ta farin ƙarfe, amma harsashinta .45-70 ne, na manyan namun dawa irin na Alaska, kuma kafaɗata ba ta yi mini laifin komai ba. Ruger 10/22 ta farin ƙarfe kuwa ta yi ƙanƙanta. Harbin babban alade da ita zalunci ne, sai dai ka raunata dabba ta tafi ta mutu a wahale.

Wadda na tsaya a kanta ita ce Henry All-Weather mai cin harsashi .30-30. Irin bindigar nan ce ta fina-finan kaboyi, mai mariƙi a ƙasa da ake turawa gaba a dawo da shi, kwanso ya fita, sabon harsashi ya hau. Bututunta inci 20, nauyinta kilo 3 da 'yan kai, tana ɗaukar harsashi 5 a wani bututu da ke ƙarƙashin na harbin. Abin da ya raba ta da 'yan uwanta shi ne an lulluɓe ƙarfenta da kurom mai tauri, irin wanda ake yi wa sandunan injin da ke aiki da matsin mai, ba irin na ado da ke ɓarewa a bamban mota ba. Launinta toka-toka ne marar ƙyalli, wanda ya yi mini, don ba na son abin da zai haska wa alade ido daga nesa. Gindinta katako ne da aka rina baƙi aka shafe da abin hana ruwa shiga. Na biya sama da dala 1,000, kuma uwargida ta yi kwana uku tana tuna mini adadin.

Shekara biyu ke nan. Ta sha raɓar asuba a kan gaɓar shinkafa. Ruwan sama ya taɓa dukanta tun daga bakin gona har mota. Akwai lokacin girbi da na manta da ita sam, kwana tara ban goge ta ba, a watan da tufafi ma ba sa bushewa a igiya. Da na zaro ta gabana na faɗuwa, sai na ga ƙura ce kawai, tsumma ɗaya ya share. Kurom ɗin kuma ba ya jin gogayya. Inda take gugar ƙarfen kujera kullum in ina zaro ta, da fenti ne da tuni ya koɗe, amma nan sai ɗan santsi.

Abin da ban zata zai zama mafi amfani gare ni ba shi ne yadda ake sauke mata harsashi. Tawa tana da ƙofa a gefe da ake cusa harsashi ɗaya bayan ɗaya, amma kuma bututun ajiyar yana buɗewa ta gaba: ka murɗa, ka zare sandar ciki, ka karkata, harsasan su zubo a tafin hannunka ba tare da sun bi ta ɗakin harbi ba. Sai ka buɗe mariƙi ka leƙa ka tabbatar ba saura. Mutumin da ke hawa da sauka daga mota sau ashirin a yini, kuma ya yi wa kansa alkawarin ba zai taɓa tuƙi da harsashi a ɗaki ba, zai san darajar wannan. Sai dai a kula, hannu na kusa da bakin bindiga a lokacin, don haka bakin ya kalli inda ba kowa, yatsa kuma nesa da kunama.

Harsashin .30-30 tsoho ne, tun 1895 ake yin sa, kuma wannan tsufan alheri ne: duk ƙauyen da ke da shagon kayan gona za ka same shi. A tazarar mita 100 zuwa 150, inda kusan duk harbina yake, yana kayar da alade ba gardama, dukansa a kafaɗa kuma mai sauƙi ne. Bayan nan yana saurin sunkuyawa. Wanda ke aiki a fili fetal na yammacin Texas, inda dabba ke tsayawa a mita 300, ya nemi wata. Haka kuma saboda harsasan suna jere ne kan wani a bayan wani, ba a zuba mata masu tsinin ƙarfe, sai masu faffaɗan kai ko zagayayye, ko masu tsinin roba da aka yi musamman don irinta.

Akwai abubuwan da ya kamata mai saye ya sani kafin ya zaro kuɗi. Kurom ɗin bai shafi sifirin da ke cikinta ba, bai kuma shafi ƙarafan saiti na gaba da na baya ba. Waɗannan baƙin ƙarfe ne kamar na kowace bindiga, su nake fara bi da mai. Cikin bututu ma yana son sanda da tsumma bayan kowane harbi, domin dattin albarushi na jan laima. Ba ta da maɓallin kariya na waje da ake turawa, kariyarta a ciki take, tana hana harsashi tashi sai an ja kunama. Wasu na son haka, wasu hankalinsu ba ya kwanciya. Saitin da ta zo da shi, mai kama da ƙahon barewa, yana da kyau da rana, amma aladu da magariba suke fitowa, idona kuma ya haura arba'in. Na ɗora mata ƙaramin madubin hange, shi ma da kuɗinsa. Sannan katako katako ne, ko me aka shafa masa. In ƙaya ko ƙarfe ya yage shi, sai a toshe wurin da wuri.

Tsatsa dai ba ita ce babbar barazana ga bindigar mota ba. Ɓarawo ne. Fasa gilashin a-kori-kura a wurin ajiye motoci na daga cikin manyan hanyoyin da bindigogi ke faɗawa hannun miyagu a Amurka, kuma masu yi sun san motar da za su duba: mai tambarin kamfanin bindiga a gilashin baya, ko mai ratayar nan ta zamanin da a jikin taga. Motata ba ta da ko ɗaya. Na sa an ɗaure mini akwatin ƙarfe mai makulli a ƙarƙashin kujerar baya, da kusoshi har jikin motar, ba soso a ciki. Bindigar na shiga ne cikin wata doguwar safa mai sinadarin silikon, da ƙunshi biyu na ƙwayoyin nan masu shan laima, waɗanda nake gasawa a tanda duk wata su koma sabbi. Akwatin ya kuma raba ni da wata matsala. Dokar tarayya ta 1990 ta hana shiga da bindiga tazarar ƙafa 1,000 daga makaranta sai in ba harsashi a cikinta kuma tana kulle, ko mutum na da lasisin jihar. Ni kuwa sau uku a mako nake ɗauko 'yata daga makaranta.

Ga 'yan uwa da ke zaune a nan: shago ba zai miƙa maka bindiga ba sai ka cike takarda mai lamba 4473 an bincika sunanka a rumbun bayanan hukumar binciken laifuka ta FBI. Mai katin zama na dindindin yana iya saye. Mai bizar karatu ko ziyara, dokarsa daban ce kuma mai tsauri, kada ya yi gaban kansa. Kowace jiha ma da nata tsarin, abin da ya halatta a Texas na iya kai ka kurkuku a New York ko Kalifoniya. Masu karatu daga gida kuwa, duk wannan zancen Texas ne. A Najeriya da Nijar bindiga ba lasisi a mota hanyar gidan yari ce.

Shawarar da zan ba mai aiki irin nawa a wuri mai laima: in aljihu ya ɗauka, Henry All-Weather ta ci kuɗinta, domin tana yafe sakacin mako guda, abin da baƙar bindiga ba ta yi mini ba. In bai ɗauka ba, mai fentin Cerakote da gindin roba za ta yi aikin, a dai riƙa duba inda fentin ya koɗe.

Tawa yini take yi a mota, ba ta kwana. Da na dawo da yamma nakan shigo da ita kafin in cire takalmi, in goge ta da tsumman da ke cikin gwangwanin madara a kan firij, in ɗiga mai a saitin gaba da na baya, in kulle ta a sef ɗin ɗaki, harsasai a wani akwati daban. Minti uku ne. Tsohuwar kuwa dattijon nan ya kankare mata tsatsar ya sake yi mata baƙi, amma ramukan suna nan a jikin bututun, ana jin su da farce.