Super Tucano ko Alpha Jet: wanne ya dace da yaƙin da ake yi a Arewa?

Wani ɗan'uwa ya tambaya a nan: me ya sa gwamnati ta zuba maƙudan daloli a kan Super Tucano, jirgi mai farfela kamar na zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, alhali muna da Alpha Jet da ya fi shi gudu nesa ba kusa ba? Har ya ce ko tsohon yayi aka lafta mana. Malam, tambayarka a kan hanya take, sai dai tsohon ba shi ne wanda kake zato ba.

Alpha Jet ne dattijon. Kamfanin Dassault na Faransa da Dornier na Jamus ta Yamma suka haɗa hannu suka ƙera shi, ya fara tashi a 1973, kuma asali don horar da matuƙa da kai ƙananan hare-hare aka yi shi. Najeriya ta sayi guda 24 a shekarun 1980. Ba a raina masa, ya ci gumi: shi ya yi wa ECOMOG, dakarun kiyaye zaman lafiya na Afirka ta Yamma, aiki a Laberiya da Saliyo, an girke shi a Yamai a 2013 saboda rikicin Mali, an kai shi Dakar a 2017 lokacin da Yahya Jammeh na Gambiya ya ƙi sauka daga mulki. Injinsa biyu, yana gudun kusan kilomita 1,000 a awa, yana ɗaukar makamai wajen tan biyu da rabi.

Super Tucano kuwa ƙirar Embraer ce ta Brazil, ya fara tashi a 1999. Namu guda 12 a Jacksonville ta jihar Florida aka harhaɗa su tare da kamfanin Sierra Nevada na Amurka. Shida na farko sun sauka Kano a Yulin 2021, sauran suka biyo baya a shekarar, gidansu Kainji. Injinsa ɗaya, gudunsa bai kai kilomita 600 a awa ba, kayan da yake ɗauka wajen tan ɗaya da rabi ne. A takarda Alpha Jet ya cinye.

To amma wa ake yaƙa? Ba rundunar da ke da tankoki da filin jirgi ba. Mutane ne a kan babura, biyu-biyu ko uku-uku, a dajin Sambisa ko tsibiran Tafkin Chadi ko dazukan Zamfara, waɗanda da sun ji ƙugin jirgi sai su kashe inji su laɓe a gindin bishiya. Matuƙin Alpha Jet yana wuce wurin cikin ƙiftawar ido. Kafin ya yi kwana ya dawo, abin da ya hango ya ɓace, ga mai yana zurarewa, don injin jet a ƙasa-ƙasa shan mai yake yi ba na wasa ba. Dole ya harba abin da zai harba ya koma sansani. 'Yan daji sun san haka, jira kawai suke yi.

Nan Tucano ya yi masa fintinkau. Yana iya shafe awanni yana shawagi a kan wuri guda, kamar shirwa a kan gidan da ake kiwon 'yan tsaki. A ƙarƙashin cikinsa akwai wata dunƙulalliyar kyamara da ke gani dare da rana, tana gane zafin jikin mutum da na injin babur. Jami'in da ke kujerar bayan matuƙi yana kallon allo, ya bi ayari har ya ga inda suka yada zango, ya haska wurin da hasken lesa, sannan a saki bam ko roka mai bin hasken. Cinikin da aka yi da Amurka ya haɗa da irin waɗannan makamai, wato Paveway da APKWS. Banda su akwai bindigogi biyu masu harsashin milimita 12.7 a cikin fukafukansa. Kolombiya ta nuna abin da jirgin zai iya tun 2008, lokacin da ta kashe Raúl Reyes, na biyu a ƙungiyar 'yan tawayen FARC, a harin dare cikin daji.

Alpha Jet ɗinmu bam da roka marasa jagora ya saba harbawa. Matuƙi sai ya sunkuyo ƙasa ya saita da idonsa, a nan kuma bindigar kakkaɓo jirgi da aka ɗora a bayan Hilux take samunsa. A Yulin 2021 'yan bindiga sun harbo guda a yankin Zamfara. Matuƙin, Flight Lieutenant Abayomi Dairo, ya cillo kansa da lema, ya yi ta laɓe-laɓe har duhu ya rufa masa asiri ya isa wurin sojoji. Watanni kaɗan kafin nan, a Maris, wani ya ɓace a Borno da matuƙansa biyu. Ga kuma tsufa: jirgin da ya haura shekara 40 kullum yana wurin masu gyara, kayan gyaransa sai an tona.

Batun kuɗi, dala miliyan 496 da gwamnatin Buhari ta biya a 2018, wanda ya jawo ce-ce-ku-ce a majalisa saboda an cire kuɗin kafin ta amince, ba na jirage zalla ba ne. Har da makamai, da horar da matuƙa da makanikai, da kayan gyara, da gine-gine a Kainji. Ko an yi tsada? A ganina an yi. Sai dai bayan saye, awa guda ta tashin Tucano ta fi ta jet araha sosai, kuma yaƙin da ya shekara fiye da goma ana yi, kuɗin yau da gobe ne ke karya shi.

Kada kuma a ɗauke shi waliyyi. Rashin gudu aibi ne idan aka kira agaji daga nesa: ƙauyen da ake kai wa hari yanzu-yanzu Alpha Jet zai riga isa. Ranar da abokan gaba suka mallaki makamai masu linzami na kafaɗa da yawa, Tucano zai sha wuya, kuma gaban jirgin yaƙi na gaske ba shi da ta cewa. Guda 12 ma sun yi kaɗan ga fagen da ya tashi daga Borno har Sakkwato. Sannan kyamara ba ta karanta zuciya. Ba ta bambance taron biki da na 'yan bindiga sai da sahihin bayani daga ƙasa. Harin kuskure da jirgin sojan sama ya kai sansanin 'yan gudun hijira na Rann a Janairun 2017, wanda ya kashe mutane sama da 100, yana cikin abin da ya sa gwamnatin Obama ta jingine cinikin Tucano, sai da Trump ya hau aka farfaɗo da shi.

Idan ni za a ba zaɓi don farautar 'yan daji, Tucano zan ɗauka ban yi shawara da kowa ba. Gurbin Alpha Jet kuma ba Tucano ne zai cike shi ba, shi ya sa rundunar sojan sama ta yi odar M-346 guda 24 daga kamfanin Leonardo na Italiya, jet mai inji biyu da ke horar da matuƙa ya kuma kai hari da makamai masu jagora.