Kwalin gwajin "shekarun jiki": abin da yake aunawa da inda yake kuskure

Kamfanoni da dama na sayar da wani ɗan kwali ta intanet, da alƙawarin zai gaya maka shekarun da jikinka ya kai, ko sun yi daidai da na takardar haihuwa ko ba su yi ba. Kimiyyar da aka gina gwajin a kanta ta gaske ce. Lambar da ake aiko wa mutum ɗaya kuwa ba ta da ƙarfin da talla ke ba ta, kuma ya kamata mai saye ya san haka tun kafin ya huda yatsa.

A cikin kwalin za ka tarar da tsinken huda yatsa, audugar goge fata, kati ko 'yar kwalbar ɗiga jini, da ambulan mayarwa. Wasu kamfanonin bututun miyau suke sakawa. Idan na jini ne, wanke hannu da ruwan ɗumi, ka sake shi ƙasa jini ya sauko, ka huda gefen kan yatsa. Kada ka matse yatsan da ƙarfi, don ruwan tsoka yana biyo jinin ya tsinka shi. A bar katin ya bushe sarai kafin a rufe, domin laima tana lalata DNA, wato sinadarin gado da ke cikin ƙwayoyin jiki, a hanya. Idan na miyau ne, ba ci, ba sha, ba taba na minti 30 kafin a tofa. Sakamako yakan ɗauki makonni.

A ɗakin gwaji ana ciro DNA, a jiƙa shi da sinadarin baisalfait, wanda ke bambance gurbin da ke ɗauke da ɗan sinadarin metil da wanda babu. Wannan metil ɗin yana taimakawa wajen kunna ko kashe ƙwayoyin gado, kuma yadda ya bazu yana sauyawa da shekaru bisa wani tsari da ake iya lissafawa. Faifan gwaji na kamfanin Illumina, wanda ɗakunan gwaji da dama ke amfani da shi, yana karanta gurabe sama da 850,000, amma lissafin da ake kira "agogo" kaɗan daga cikinsu kawai yake ɗauka.

A nan ingancin kwali ke rabuwa, don agogon ba ɗaya ba ne. Na masanin kimiyya Steve Horvath na 2013 yana duba gurabe 353, na wani masanin mai suna Hannum yana duba 71, kuma dukansu an horar da su ne su canki shekarun haihuwa. To, wanda ya riga ya san ranar haihuwarsa me zai ƙaru da shi? PhenoAge na 2018 da GrimAge na 2019 sun fi amfani, don an gina su kan alamomin lafiya da haɗarin mutuwa. DunedinPACE na 2022, mai gurabe 173, saurin tsufa yake bayarwa: 1.0 na nufin shekarar jiki ɗaya a kowace shekarar kalanda, 1.2 kuwa gudun ya fi haka. An samo shi ne daga bibiyar mutanen da aka haifa a Dunedin ta ƙasar Niyu Zilan a 1972 zuwa 1973. Kamfanin da ya ƙi faɗin agogon da yake amfani da shi, a bar masa kayansa.

Babban aibin shi ne rawar sakamako. Wani bincike na 2022 ya raba jini ɗaya gida biyu ya auna, sai wasu fitattun agogo suka ba da bambancin da ya kai shekara 9. An samar da gyararren lissafi da ya rage wannan sosai, amma ba kowane kamfani ke amfani da shi ba. Ga kuma cakuɗar ƙwayoyin jini: mura ko wani ciwo na sauya yawan nau'o'in fararen ƙwayoyi, lambar ta motsa. An ga tana hawa bayan babbar tiyata da lokacin juna biyu, sannan ta sauko bayan an murmure. Miyau ya fi rikici, don gaurayen ƙwayoyin kumatu ne da na jini, alhali yawancin agogon da jini aka horar da su.

Sannan tsufa ba hanya ɗaya yake bi ba. Masana sun lissafa alamominsa 9 a 2013, suka kai su 12 a 2023, kuma sauyin metil ɗaya ne daga ciki. Kwalin ba ya ƙirga raunukan da DNA ke tarawa. Ba ya ƙirga tsofaffin ƙwayoyin da suka daina rabuwa amma suka ƙi mutuwa, suna fesa sinadaran kumburi ga maƙwabtansu. Tun 1961 Leonard Hayflick ya nuna ƙwayar jikin mutum tana tsayawa bayan ta rabu sau 40 zuwa 60, daga baya aka gano gajercewar telomiya, wato murfin bakin kuromosom (ƙunshin DNA a cikin ƙwaya), ke jawo haka. Raunin mitokondiriya mai samar da kuzari, da taruwar gurɓatattun furotin, su ma ba ya auna su kai tsaye. Har yanzu masana na muhawara kan ko sauyin metil yana haddasa tsufa ne ko sawunsa ne kawai.

Abin da ya fi damuna shi ne kamfanin da zai ce ka girmi shekarunka da biyar, sannan a shafi na gaba ya tallata maka ƙwayoyin da za su "mayar da agogo baya". A gwajin CALERIE na Amurka, mutane sun rage abinci na shekara biyu, DunedinPACE ya sauka da kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari kacal, PhenoAge da GrimAge ba su nuna wani sauyi na a zo a gani ba. Duk mai cewa kwalbar magani ta cire maka shekara bakwai cikin wata uku, rawar na'ura yake sayar maka.

Ga mai sha'awar bibiyar kansa, a zaɓi na jini mai DunedinPACE ko GrimAge, wanda ke bayyana girman kuskurensa kuma yake ba da damar goge bayanan DNA daga rumbunsa. A auna ana cikin ƙoshin lafiya, a lokaci ɗaya na rana, a kamfani ɗaya, da tazarar shekara guda, kuma kada a ɗauki bambancin shekara ɗaya ko biyu a matsayin wani abu. Wanda bai auna hawan jini, sukari da kitsen jini ba tukuna ya fara da su, don likita na da abin yi a kan kowannensu, kuma kada a sauya wani magani saboda lambar kwali.