Labule mai tare haske ga masu aikin dare: abin da na gani bayan wata uku

Wata uku kenan da na sayi labulen nan mai kauri da ake cewa yana tare haske, haɗe da ɗan ƙyallen rufe ido, to bari in faɗi yadda muka kwashe da su.

Ni dai aikin dare nake, in shiga takwas na dare in tashi takwas na safe, kuma matsalata kullum barcin rana ne. Ka dawo jiki duk ya mutu ka zube a gado, sha ɗaya na yi ido ya bushe ƙayau kamar an watsa maka ruwa. Ashe hasken ne. Akwai sinadarin melatonin da ƙwaƙwalwa ke saki idan duhu ya yi, shi ke shaida wa jiki lokacin kwanciya, haske na shiga ido sai ya ja baya ko da kuwa ka kwana a tsaye.

Labulen kam ya yi, ba ƙarya. Ranar farko da tsakar rana sai da na yi laluben wayata, ɗakin ya koma kamar biyun dare. Da awa uku nake samu, yanzu ina kaiwa shida, duk da bakwai ake so babba ya samu aƙalla. Amma fa gefensa na yoyon haske, wani siririn layi da yake sauka daidai kan filo na kamar da gayya, sai da na kama shi da abin maƙale shanya. Ga warin roba da ya yi kusan sati bai fita ba, kuma in ba fanka ɗakin dumamewa yake.

Kada wani ya ɗauka ya sayi lafiya. Cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) tun 2007 ta sa aikin dare cikin abubuwan da mai yiwuwa suke jawo ciwon daji, ta sake nanatawa a 2019, ga kuma hawan jini da ciwon suga da ake alaƙantawa da shi. Shi ya sa nake gwada jinina a kai a kai, kofi kuma daga uku na dare na daina don yana daɗewa a jiki, sannan in sa baƙin gilashi a hanyar dawowa.

Ƙyallen idon kuwa asarar kuɗi ne, sati biyu robarsa ta saki, ga gumi, ga haske ta gefen hanci. Yana can cikin durowa.