Hidimar sulhu tsakanin kamfanonin zinariya da mutanen gari a Sudan: inda take aiki da inda take gazawa

Da wuya a shiga gidan Bahaushe a Gadarif, Kasala, Damazin ko Mai Wurno a rasa wanda ya tafi dahaba, wato haƙar zinariya. Wani yana cikin rami a hamadar Abu Hamad, wani yana dakon buhunan dutse a kasuwar Ibaidiyya, wani yana bakin injin niƙa yana wanke ƙasa da zaiba. Tun da Sudan ta Kudu ta ɓalle a 2011 ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man fetur, zinariya ce ke riƙe da ƙasar nan, kuma mafi yawanta daga hannun masu haƙar gargajiya take fitowa, ba daga manyan mahaƙai irin Hassai na jihar Bahar Maliya ba. Bayan masu haƙar sai kamfanonin karta su biyo, su sayi karta, wato ragowar ƙasar da aka riga aka wanke, su sake tatsarta da sinadarin siyanid mai guba. Duk inda irin wannan kamfani ya sauka kusa da rijiya, gona ko burtali, rigima ba ta nisa.

Abin da muke aunawa a nan shi ne hidimar da ake miƙa wa mutanen gari idan rigimar ta taso. Ƙafa uku gare ta. Akwai kuɗin al'umma da ake kira mas'uliyya mujtama'iyya, wanda Kamfanin Albarkatun Ma'adinai na Sudan, mallakar gwamnati, ke kula da shi. Akwai kwamitin gari da ake kafawa da hannun ƙaramar hukuma don ya zaɓi ayyuka ya kuma karɓi koke. Sai jodiyya, zaman dattawan sulhu, wato ajawid, wadda ake kira idan an zubar da jini ko an yi asarar dukiya. A ganinmu ƙafa ta uku ce kaɗai mai ƙarfi, ta farko tana ɗingishi, ta biyu kuwa ya danganta da wanda aka zaunar a kai.

Jodiyya ta cancanci yabo. Ajawid sukan fara da raba ɓangarorin biyu, su karɓi alkawarin cewa ba wanda zai ɗaga makami har a gama zama; a gabas, wajen Beja, wannan alkawari shi ne galad. Daga nan su saurari kowa shi kaɗai, su ƙirga asara ɗaya bayan ɗaya: rai, rauni, dabba, amfanin gona. Sai a yanka diyya da ramuwa, a raba biyan kashi-kashi, a yi Fatiha, a ci abinci tare. Abin da kotu za ta yi shekara tana ɗagawa, jodiyya kan gama shi a makonni, kuma ba a biyan kuɗin shigar da ƙara. Idan motar kamfani ta buge yaro, ko mai gadi ya harbi makiyayi, ko an yi faɗa a kan iyakar rami, ba mu san wata hanya da ta fi ta saurin kwantar da zukata ba. Aibinta a nan ɗaya ne, kuma ba ƙarami ba: mota, masauki da ragon zaman yawanci daga aljihun kamfani suke fitowa, kuma dattijon da ya ci ya sha a gidan mutum harshensa yakan yi nauyi.

Amma jodiyya tana biyan abin da ya riga ya faru ne, ba ta taɓa abin da ya jawo shi. Jabal Amir a Darfur ta Arewa ya nuna haka ƙarara. A Janairun 2013 faɗa ya ɓarke tsakanin Bani Husain da Rizaigat Abbala a kan ikon ramukan zinariya, ɗaruruwa suka mutu, kimanin mutum 100,000 suka bar gidajensu. An yi zaman sulhu, an tsagaita, cikin 'yan makonni aka koma, domin tambayar wa ke da ikon ramin da wa ke karɓar kuɗinsa ba ta samu amsar da kowa ya yarda da ita ba. Daga baya bindiga ce ta amsa ta.

Inda hidimar ta fi gazawa shi ne ruwa, kuma a nan ya kamata a tsaya a fahimci yadda abin yake. Mai haƙa yana zuba zaiba a cikin dutsen da aka niƙa gaba ɗaya. Zaibar tana kama kusan kashi ɗaya cikin uku na zinariyar, sauran ya tafi cikin karta tare da ɓurɓushin zaibar kanta. Kamfani ya kwashe kartar ya jiƙa ta da siyanid. Siyanid yana narkar da zinariya, yana kuma narkar da zaibar, ya mayar da ita abin da ke bin ruwa cikin sauƙi. Yarjejeniyar Minamata ta 2013 ta lissafa wannan aiki cikin munanan hanyoyi huɗu da ake so a kawar, tare da zuba zaiba a ɗanyen dutse gaba ɗaya, ƙona curin zaiba a fili, da ƙona shi a cikin unguwa. Duk huɗun ana yin su a kasuwannin ma'adinai na ƙasar nan.

To, rana ɗaya sai a wayi gari awaki sun mutu a bakin kwari, ko tsuntsaye sun zube gefen tafkin kamfani. Mutane su kai kuka, a kafa kwamiti, kwamiti ya iso bayan kwana goma ya ɗebi ruwa a gorar da aka sha lemo, a kai birni cikin zafin mota. Sakamako ya dawo: ba a ga komai ba. Kamfani ya ce an yi masa ƙage, mutanen gari su ce an sayi likitoci. Sau da yawa ba wanda ya yi ƙarya. Siyanid ba ya zama. Rana da iska suna cinye shi, a jikin mushe ma yakan gushe da sauri. Gwajin da aka yi a makare, a kwalbar da ba ta dace ba, ba zai nuna shi ba ko da shi ne ya yi kisan. Daga wannan rana babu sauran yarda, kuma duk makarantar da za a gina ba za ta dawo da ita ba.

Gyaran ba mai tsada ba ne, shi ya sa rashinsa ke ba mu takaici. Ruwan da za a gwada don siyanid a ɗebe shi a ranar, a kwalba mai duhu, a sa masa sodar haɗa sabulu har ma'aunin pH, mai nuna tsami ko kanwar ruwa, ya wuce 12, a ajiye cikin ƙanƙara, a kai ɗakin gwaji kafin kwana 14. Na zaiba kwalbarsa daban, ana sa masa asid naitirik har pH ya sauka ƙasa da 2, yana jure kwana 28. Dabbar da ta mutu, likitan dabbobi ya ɗauki abin da ke tumbinta nan take a daskarar. Kowane samfur a raba shi uku a gaban shaidu, a liƙe, a sa hannu: ɗaya na kamfani, ɗaya na gari, ɗaya a ajiye don ranar gardama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar zaiba a ruwan sha a maikirogiram 6 cikin lita. Ƙa'idar siyanid ta duniya, wadda kamfanoni ke shiga da son ransu, ta ce buɗaɗɗen tafkin da tsuntsu ko dabba za su iya kaiwa kada ya wuce miligiram 50 cikin lita. Ga mai ƙona zaiba kuwa, fitsari ake gwadawa. Gashin kai na masu cin kifin da ya gurɓata ne. Abu mafi muhimmanci shi ne a gwada rijiyoyin gari tun kafin kamfani ya fara aiki. In ba a san yadda ruwan yake da farko ba, ba wanda zai iya tabbatar da cewa ya canza. Kwamitin da ba shi da akwatin kwalabe da mutum biyu da aka koya wa ɗibar samfur, bai shirya karɓar koke ba.

Haka ma duba masana'antar kanta. Ziyarar da aka sanar da ita mako guda kafin a zo, shara da feshin ruwa kawai za a tarar. Wakilan gari su nemi ganin shimfiɗar robar da ke ƙasan tafki, mai kaurin milimita 1.5 zuwa 2, su bi layin ɗinkinta domin nan take fara yoyo. Su duba shinge, su duba tazarar da aka bari tsakanin ruwa da bakin tafki, domin kwarin da ya shekara a bushe yakan cika cikin dare ɗaya a kharif, wato damina, ya kwashi komai zuwa gonaki da Nilu. Su tambayi jir, wato farar ƙasa, nawa ake zubawa: idan pH na ruwan aikin ya sauka ƙasa da 10.5, siyanid yakan fara tashi a matsayin iska mai kisa, kuma leburan da ke tsaye a kai shi ne na farko. Leburan nan sau da yawa ɗanmu ne.

Mutanen Talodi da ke Kordofan ta Kudu sun daɗe suna kuka a kan wannan kafin Oktoban 2019, lokacin da zanga-zanga ta kai ga ƙona kayan kamfanoni. A watan ne majalisar ministoci ta sanar da hana amfani da zaiba da siyanid. Hanin bai zauna ba, domin ba a ba mai haƙa wata hanyar da zai bi ba, ba a kuma sa masu duba aiki a ƙasa ba. Daga baya ma sai ga injinan gauraya karta sun shiga gonaki da bayan gidaje a jihar Kogin Nilu, kuma waɗannan ba su da wani kwamiti da za a kai ƙararsu.

Batun kuɗin al'umma gajere ne. Kason da aka saba ambata shi ne kashi 4 cikin 100. Tambayar da za a fara yi a zaman farko ita ce: kashi 4 na me? A ɗauka kamfani ya fitar da kilo 10 a wata. In daga zinariyar ake cira, giram 400 ke nan. In daga riba ne bayan an cire gas, albashi da gyaran inji, abin da zai rage kamfani ne kaɗai ya san shi. Muddin ba a liƙa adadin abin da aka fitar a bangon ofishin ƙaramar hukuma kowane wata ba, mutane suna karɓar abin da aka ba su ne, ba abin da ke nasu ba. An yi gine-gine na gaske da kuɗin nan, ajujuwa, dakunan shan magani, tankunan ruwa, ba ma musun haka. Sai dai gini ake so domin yana shiga hoto. Albashin ungozoma, man janareta da kayan gyaran famfo ba a cika sa su a lissafi ba, sai a shekara biyu a tarar da ɗakin a kulle. Gara a ware kashi ɗaya cikin biyar na kowane aiki don tafiyar da shi, a rubuta.

Sai maganar wa ke zama a kwamitin, wadda ta fi shafar mu. Kujerun suna bin tsarin sarautar gargajiya: nazir, umda, shehu, wato masu ƙasa. Manomin da kakansa ya share gonar nan amma ba a lissafa shi cikin masu dar ba, wato masu ƙasar gado, leburan da ya zo daga wata jiha, makiyayin da ke wucewa sau biyu a shekara, matan da ke ɗibar ruwa kuma su ne ke fara ganin canjin launinsa, duk ba su da kujera. Su ne kuma guba ke fara samu. Wanda ya ga abin da ya faru a jihar Bulu Nayil a Yulin 2022, da yadda gardamar ƙasa da wakilci ta ci rayukan Hausawa da maƙwabtansu, ba ya buƙatar a yi masa bayanin haɗarin barin wasu a waje. Shawararmu ga 'yan'uwa ita ce kada a nemi kujerar da sunan ƙabila, domin nan take maganar za ta koma ta wa ya riga wa zuwa. A neme ta da sunan aiki: wakilin masu gonakin da ke ƙasan kwari, wakilin leburori, wakiliyar mata, wakilin masu dabbobi. Wannan buƙata ce da umda mai adalci zai iya karɓa ba tare da ya ji an taɓa sarautarsa ba.

Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kan kasuwanci da haƙƙin ɗan Adam sun ce hanyar kai koke ta zama sananniya, mai sauƙin kaiwa, mai lokaci da aka sani. A aikace wannan littafi ne mai lamba: kowane koke a rubuta shi, a ba mai shi rasit, a faɗa masa ranar amsa, a kuma bar masa ƙofar kotu a buɗe. Yawancin abin da ake yi yanzu da baki ne, manaja ya yi alkawari a gaban dattawa, a canza manaja, alkawari ya bi shi. Duk abin da aka amince a rubuta shi da Larabci, a karanta wa jama'a da harshen da suke ji, a ajiye kwafi uku, a sa ranar sake dubawa kowane wata shida.

Yaƙin da ya fara ranar 15 ga Afrilun 2023 ya ƙara raunana komai. Gwamnati tana matuƙar buƙatar zinariya, dakunan gwaji na Khartum sun lalace, kuma a yankunan da masu bindiga ke riƙe da rami babu kwamitin da ke da ta cewa. A can ba ma ba kowa shawarar ya tsaya gardama da mai rami. A jihohin Kogin Nilu, Arewa, Bahar Maliya, Kasala da Gadarif kuwa, inda ofisoshi ke aiki, hidimar tana da amfani ga wanda ya shiga da shiri. Don jini da asarar dukiya, a je jodiyya, amma gari ya haɗa kuɗin zaman da kansa ko a raba shi biyu. Don ruwa, kada a sa hannu a kan kowace takarda sai an rubuta gwajin farko, raba samfur uku, da haƙƙin shiga masana'anta ba tare da sanarwa ba. Kamfanin da ya ƙi waɗannan ukun, a ɗage zaman a kai maganar ofishin ma'adinai na jiha a rubuce.