Winci mai araha: igiya za a fara canzawa ko kayan wuta?

Wani ɗan'uwa ya yi tambaya: yana da winci (na'urar lantarki mai naɗe igiya don jan mota idan ta maƙale) mai araha, mai iya jan nauyin fam 9,500, a gaban motarsa ta shiga daji, kuɗinsa kuma na gyara ɗaya ne. Ya sauya igiyar ƙarfe da ta Dyneema (igiyar zaren roba mai ƙarfi), ko ya sauya akwatin solenoyid (makunnan da ke kai wa injin winci wuta) da wayoyi?

Malam, fara da wutar.

Irin wannan winci idan ya ɗauki cikakken nauyi yana iya zuƙar amfiya 400. Solenoyid ɗin da yake zuwa da su ba su cika jure haka ba: bakin da ke haɗa wuta yana ƙonewa, ruwa ya shiga, tsatsa ta kama. Sai ka danna rimot ka ji "ƙas-ƙas" amma gangar da ke naɗe igiya ba ta juya ba. Mafi muni shi ne bakin ya manne, winci ya ci gaba da ja bayan ka saki maɓalli. Maganinsa kontakta (babban makunni da ke maye gurbin solenoyid) rufaffiya guda ɗaya mai amfiya 500, irin ta kamfanin Albright, da makashin wuta kusa da batir. Ka kuma kankare bakin waya ka gani, don wasu alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe. Sa jan ƙarfe zalla mai kaurin milimita murabba'i 35 ko fiye, negetif ya koma kan batir kai tsaye, kada a ɗaure shi a bodi. Wayar da ta yi zafi bayan ɗan gajeren ja, ƙarfin winci ne take cinyewa.

Dyneema fa? Ba ta ƙara wa winci ƙarfi ko kaɗan. Amfaninta rashin nauyi, ba ta tsaga hannu, idan ta tsinke kuma ba ta yin bulala kamar ta ƙarfe. Sai dai tana da sharuɗɗa. Yawancin winci masu araha birkinsu a cikin ganga yake, idan aka daɗe ana kwance igiya da injin winci alhali da nauyi a kanta, gangar takan yi zafi, ita kuwa Dyneema tana narkewa a wajen digiri 145, tun kafin nan ma ta fara rauni. Dole ka goge gangar da sanfefa ta yi sumul, ka cire rolar bakin da igiya ke bi, wadda igiyar ƙarfe ta ci, ka sa baki mai santsi na alminiyom, ka riƙa wanke yashi daga jikinta. A bar aƙalla zagaye 10 a ganga. Ta ƙarfe 5 ya isa.

Abu ɗaya ne zai juya lissafin: idan igiyarka ta lanƙwashe ko silinta sun fara tsintsinkewa, ita ce farko, wannan ba a yi masa jira.

Ko wanne ka zaɓa, buɗe gefen giya ka wanke tsohon giris, wanda sau da yawa ɗan kaɗan ne kuma ya bushe. Shafa sabo mai jure ruwa, amma kada ka cusa da yawa, in ba haka ba kulocin sakin ganga zai yi tauri. Toshe mahaɗan da silikon. Kowane wata ka kwance igiyar ka naɗe ta da ɗan nauyi, injin motar yana aiki, don ɗumin ya kori danshi. Da canjin kuɗin da ya rage ka sayi fuli, wato ƙaramar ƙafa mai juyawa da ake ratsa igiya ta cikinta: yana kusan ninka ƙarfin ja, ya rage wa kontakta da batir wahala.