Abin Dubawa Kafin a Saya wa Yaro Littafin da Ya Ci Lambar Yabo

Hatimin zinariya da ake mannawa a bangon littafin yara yana jan hankalin mai saye, amma kowace lamba tana da abin da alƙalanta suka auna, kuma sanin wannan ne zai hana uba ko malami kashe kuɗi a kan littafin da bai dace da yaronsa ba.

Lambar Newbery, wadda ƙungiyar ma'aikatan ɗakunan karatu ta Amurka ke bayarwa tun 1922, rubutu take dubawa: yadda labari ya ginu, yadda taurarinsa suka rayu a takarda, da kyawun salon harshe, ga masu karatu har zuwa shekara 14. Ƙa'idarta ta fayyace cewa yawan wa'azi ko farin jinin littafi a kasuwa ba su ne ma'auni ba. A ganina wannan shi ne mafi amfani ga mai saye, domin yaro yana saurin gane labarin da aka rubuta don a yi masa faɗa kawai, kuma yakan ajiye shi tun kafin ya kai tsakiya. Lambar Carnegie ta Ingila, wadda aka fara a 1936, ta yi kusa da ita, sai dai wasu littattafan da suka ci ta sun fi dacewa da matasa, saboda haka ya kamata babba ya fara karantawa.

Lambar Caldecott ta Amurka kuwa ta masu zana hotunan littafi ce, don haka ta fi dacewa da yaron da bai gama iya haɗa baƙi ba.

A Nijeriya akwai gasar adabi ta kamfanin iskar gas na NLNG, mai kyautar dala 100,000, wadda ke juyawa tsakanin zube da waƙa da wasan kwaikwayo da adabin yara. A 2015 alƙalanta sun ƙi ba kowa kyautar adabin yara, bisa hujjar cewa littattafan ba su kai matsayin da ake nema ba. Littafin da ya tsallake irin wannan tantancewa yana da wata fa'ida a kan na ƙetare, wato yaro zai tarar da kasuwa da makaranta da sunaye irin waɗanda ya sani.

Littattafan Hausa ba sa ɗauke da waɗannan hatimai, kuma rashinsu ba aibi ba ne. Mai saye ya buɗe babi na farko ya karanta shafi biyu da ƙarfi. Ya lura ko yaron cikin labarin yana magana kamar yaro, ko kuwa an sa masa bakin dattijo. Ya kuma duba ko shi ne ke warware matsalarsa da kansa, ko wani babba ne ke faɗowa a shafin ƙarshe ya gyara komai. Sannan ya duba girman baƙaƙe da ƙarfin ɗinki, tunda littafi ɗaya yakan bi ta hannun yara da yawa a gida.