Ziyarar Brú na Bóinne: a yanki tikitin da ya haɗa da Knowth

Cibiyar baƙi ta Brú na Bóinne tana kusa da Donore a gundumar Meath ta ƙasar Ailan, kuma ta nan kaɗai ake shiga Newgrange da Knowth, manyan tuddan kaburbura biyu da mutanen dā suka gina. Wanda ya tuƙa mota kai tsaye zuwa gindin tudun, mayar da shi za a yi. Ana yankar tikiti ta intanet tun da wuri, a tsallaka kogin Boyne ta gadar ƙafa, sannan bas ta kwashi mutane rukuni-rukuni. Cikakken zagayen yana cin kusan awa uku.

An gina Newgrange wajen shekara ta 3200 kafin haihuwar Annabi Isa. Duwatsu 97 ne suka kewaye gindinsa, kuma wani siririn lungu mai tsawon mita 19 ne yake kaiwa ɗakin tsakiya. Lungun ya matse sosai, dole a sunkuya, a wasu wurare a bi a karkace, don haka mai tsoron matsatsi ya tsaya waje. Ba a ɗaukar hoto a ciki. A ɗaga kai a dubi rufin: faffaɗan duwatsu ne aka jera, kowane layi ya ɗan zarce na ƙasansa zuwa ciki, har suka haɗe a tsayin kusan mita 6. Maginan sun sassaƙa magudanan ruwa a bayan duwatsun rufin lungun, ga ɗakin kuma a bushe har yau. Jagoran yakan kashe fitila ya nuna da hasken lantarki yadda rana ke ratsowa ta tagar da ke saman ƙofa wajen 21 ga Disamba, na kusan minti 17. Wannan ɓangaren an tsara shi da kyau, sai dai lokacin ya yi kaɗan ga mai son nazarin zanen da ke jikin duwatsun.

Inda ake bukatar lura shi ne farin bangon da ke fuskar tudun. Michael O'Kelly, wanda ya yi tono a wurin daga 1962 zuwa 1975, ya tarar da fararen duwatsu masu ƙyalli da ake kira quartz zube a ƙasa, ya yanke cewa bango ne ya rushe. Aka sake tayar da shi, aka tokare shi da kankare ta baya. Masana da dama ba su yarda ba, suna ganin bango mai wannan miƙewa ba zai tsaya ba in babu kankaren. Baƙo kuwa yakan ɗauka haka mutanen dā suka bar shi.

Shi ya sa Knowth ya fi koyarwa. A can George Eogan, wanda ya yi tonon wurin, ya sami irin waɗannan duwatsu, aka bar su shimfiɗe a gaban ƙofofi kamar daɓe. Shaida iri ɗaya ce, masana biyu suka karanta ta daban, kuma mai tikitin haɗe zai ga duka a yini guda. Knowth na da lungu biyu, gabas da yamma, ba a barin baƙi su bi su, amma ana hawa saman tudun. A farkon zamanin Kiristanci an haƙa ganuwa kewaye da shi, ya zama mazaunin sarakunan arewacin Brega, tsohuwar masarautar yankin, aka gina ramukan ɓuya na dutse, wasu ma suka shiga kabarin suka karce sunaye a jikin duwatsu. Daga baya filayen suka koma hannun 'yan zuhudun Mellifont, gidan ibadar Kirista da aka kafa a 1142. A duba kalanda kafin tafiya, domin ana rufe Knowth a wani sashe na hunturu.

Zagayen ba ya kaiwa tsofaffin majami'u, sai mutum ya nemi mota da kansa. Monasterboice, tsohuwar cibiyar 'yan zuhudu a gundumar Louth, ba ta da nisa, shiga kyauta ne. Waliyyi Buite, wanda ya rasu wajen 521, shi ya kafa ta, amma kada a ɗora wannan shekarar a kan abin da ido ke gani. Majami'un farko na katako ne, sun ruɓe. Gicciyen dutse da ake kira na Muiredach da doguwar hasumiyar wurin na wajen ƙarni na 10 ne, kangayen majami'u biyun kuma sun zo bayan haka da ɗaruruwan shekaru.